Malama Lantana da Ƙofar Jami'ar da Ba Ta Taɓa Shiga Ba

Kowace safiya, idan rana ta ɗan ɗaga, Malama Lantana takan fito daga gida da makulli ɗaure a bakin mayafinta. Takan bi ta gefen masu sauke buhunan albasa daga Bakolori, ta tsaya a gaisa da kowa, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi ruwa, sannan ta ƙarasa ɗan shagonta da ke kusa da tashar Talata Mafara. Ta share, ta goge fuskar kwamfutocinta uku da tsumma mai laushi, ta duba ko batirin sola ya ƙoshi. Daga nan sai ta tsaya bakin ƙofa, ta ɗaga wayarta sama tana juyawa a hankali, gabas da yamma, kamar mai neman jinjirin wata. Malam Falalu tela, maƙwabcin shagonta, yakan leƙo ya ce, "Malama, yau ina sabis ya kwana?" Ita kuma ta ce, "Shina nan tafe, Falalu. Baƙo ne, ba a yi mai gaggawa."

Shekara goma sha bakwai ke nan tana wannan aiki. Kafin nan mai buga tafireta ce a sakatariyar ƙaramar hukuma. Da aka kwashe tafiretocin aka jibge a sito, ba ta bi su ba, ta je ta koyi kwamfuta tana da 'ya'ya huɗu, a aji ɗaya da sa'o'in babban ɗanta. Karatunta bai wuce nan ba. Amma ka ambaci lambar kwas ta jami'o'in da yaranmu ke zuwa, za ta faɗa maka na wane sashe ne, na wace shekara, da kwas ɗin da dole ka ci kafin a bar ka ka ɗauke shi.

Wanda bai taɓa yin rajistar kwasa-kwasai a shafin jami'a ba, ba zai gane abin da ake jinjina mata a kai ba. Ka biya kuɗin makaranta, shafin ya ce bai san da zancen ba. Ka saka hoto, ya ce ya yi nauyi. Ka zaɓi kwas tara ɗaya bayan ɗaya, kana kai hannu ka danna na ƙarshe, sai ya kore ka waje, ka koma farko. Wani lokaci ba ya ma cewa komai, sai ɗan zoben nan ya yi ta juyawa a tsakiyar allo. Falalu ya ce da idonsa ya ga ƙato mai gemu yana share hawaye a gaban zoben nan. Malama Lantana kuwa takan zuba wa zoben ido da murmushi. Ta ce idan yana juyawa, tana ganin wata doguwar baranda mai sanyi a zuciyarta, ɗalibai na wucewa da littattafai a ƙirji, ga wata ƙofa can ƙarshe da ake jira a buɗe. Ba ta taɓa taka barandar ba, amma ta san yawan matakalarta.

Ke ce mai haƙurin da na'ura ta kasa ƙurewa, Lantana. Ke ce ba ki taɓa ce wa ɗan wani "je ka dawo gobe" ba alhali kin san gobe an rufe.

A bara ne aka ga abin da har yau ake ba da labarinsa a bakin tasha. Wata ɗaliba mai suna Mufida, 'yar Malam Sharhabilu manomin shinkafa daga Maradun, tana shekarar ƙarshe a fannin injiniyan noma. Ta iso shagon da azahar a ranar da za a rufe rajista, ƙarfe huɗu na yamma. Kwana uku tana fama da wayarta a gida abin ya ƙi. Akwai kwas ɗaya da ta faɗi tun tana aji biyu, kuma idan ba ta sake ɗaukarsa a wannan zangon ba, sai ta ƙara shekara guda cur. Ta duba jerin kwasa-kwasan sama da ƙasa, babu shi babu alamarsa.

"Inna, sun cire shi," in ji ta. "Baba ya ce bana ce iyakar ƙarfinsa. In na ƙara shekara, na zauna gida ke nan."

"Zauna, ɗiyata. Sha ruwa tukuna. Mi ne sunan kwas ɗin?"

Mufida ta faɗa. Malama Lantana ta lumshe ido tana laluben sunan a ƙwaƙwalwarta. Can sai ta ce, "Ba cire shi suka yi ba, suna suka sauya mai. Shekara uku da suka wuce wani yaro daga Bakura ya zauna kan kujerar nan da wannan kukan." Ta buga sabuwar lambar, sai ga kwas ɗin ya fito. Amma shafin ya ce nauyin kwasa-kwasan ya wuce ƙa'ida. Ta ɗauko wayarta ta kira malamin da ke kula da ajin su Mufida, suka gaisa kamar sun saba alhali ba su taɓa ganin juna ba, ya faɗa mata kwas ɗin zaɓi da za a iya ajiyewa ba tare da lahani ba. Ana ajiye shi, sabis ya ɗauke ɗif. Ƙarfe uku da kwata.

Falalu ya ce bai taɓa ganin Malama tana sauri ba sai ranar. Ta naɗe ƙaramar kwamfutarta a mayafi, ta ce wa Mufida ta biyo ta. Suka ratsa tasha, suka wuce masu faci, har gindin wata tsamiya da ke kan ɗan tudu, inda ta daɗe da lura sabis ba ya gudu. Ta zauna kan saiwar bishiyar, mace mai shekara sittin da ɗoriya, kwamfuta a cinya, ta sake cika komai daga farko. Zoben ya juya, ya juya. Iska ta kaɗo ganyen tsamiya ya zubo kan madannai, ba ta ko kaɗe shi ba. Ƙarfe huɗu saura minti goma sha biyu takardar rajistar ta fito da sunan Mufida a sama. Yarinyar ta durƙusa nan cikin ƙasa ta rufe fuska. Malama Lantana ta ce, "Tashi, kada a ce na doke ki."

Bayan wata huɗu Mufida ta dawo da wata damuwar. Aikin bincikenta na kammalawa na'ura ce da za a soka a gona, ta faɗa wa manomi ko ƙasa na da ƙishi ko ta ƙoshi, don kada ya saki ruwa a banza. Komai ta samu a Gusau, sai ɗan abin da ke jin laimar ƙasa, wanda bai fi yatsa tsawo ba. A kasuwar intanet kawai ake samunsa, daga ƙasar Sin. Kuɗinsa bai fi na kwanon tuwo biyu ba, amma kuɗin kawo shi ya ninka hakan fiye da sau goma.

"Inna, wannan ai an sayi akuya ne aka ce kuɗin igiya ya fi na akuyar."

Malama ta yi dariya ta nuna mata wani kwali da ta rubuta a jikin bango: duk mai son abu daga waje ya rubuta sunansa. Dabarar da ta daɗe tana yi ke nan. Maimakon kowa ya biya kuɗin dako shi kaɗai, sai ta tara masu buƙata, a haɗa kayansu a kwali ɗaya, kowa ya ɗauki rabonsa gwargwadon nauyin kayansa. A wannan karon akwai Joseph, ma'aikacin jinya da ke son abin sauraren bugun ƙirji, ga Falalu da ke neman wani ƙarfe na keken surfaninsa, ga wasu mutum biyar. Rabon Mufida ya zama abin da ba zai hana ta barci ba. Ita Malama ko sisi ba ta ɗora wa kanta.

Kullum da safe takan buga lambar bibiyar kwalin ta ga inda ya kai. Babban ruwan da ta sani a duniya shi ne na dam ɗin Bakolori, amma takan ba Falalu labarin teku kamar a can aka haife ta. Ta ce tana ganin kwalin nan ƙarami a cikin dubban kwalaye, an rubuta Talata Mafara a jikinsa, wani mutum da ba zai iya furta sunan ba yana ɗaga shi da hannu biyu. Ta ce tana jin tausayin kwalin, don bai san kowa ba a can.

Sai kwalin ya tsaya. Kwana goma, kwana sha biyar, yana wani gari na hanya bai motsa ba, ga ranar da Mufida za ta kare aikinta a gaban malamai tana matsowa. Malama Lantana ta koma ga tsohuwar sana'arta. Ta rubuta wa kamfanin dakon wasiƙa da Turancin ofis irin na da, mai farawa da girmamawa ya ƙare da girmamawa, ta aika. Washegari ta sake aika wata, haka kullum, ba zagi ba barazana, har sau tara. A ta tara aka amsa, aka ce an gano kwalin. Da ya iso a motar Gusau, kusurwoyinsa sun lotse, ta rungume shi kamar jikan da ya dawo daga tafiya.

A gonar Malam Sharhabilu aka fara soka na'urar. Da 'yar fitilarta ta kama, tana nuna ƙasar ta ƙoshi, tsohon ya duƙa ya ɗebi ƙasar ya murza a tafinsa, ya ce, "Gaskiya ta faɗa." Mufida ta kammala. Ranar kasuwa mahaifinta ya zo da kansa har shagon da rabin buhun shinkafa. Malama ta ƙi karɓa, shi kuma ya ƙi komawa da shi, har Falalu ya raba gardamar da cewa a dafa a ba ɗaliban da ke jiran layi.

Yanzu likitan ido ya ce hasken allo ya ishe ta haka. Ƙarshen watan nan za ta miƙa makulli ga Hafiza, wata da ta yi wa rajista shekaru takwas da suka wuce. Na tambaye ta ko tana jin zafin cewa ta tura ɗaruruwa jami'a ita ba ta je ba. Ta gyara tabarau ta ce, "Wa ya ce ban je ba? Na yi likitanci, na yi lauya, bara na gama injiniya. Hutu kawai zan tafi."

Mun gode, Malama Lantana. Ke ce kika zauna da 'ya'yan mutane a lokacin da ba abin da ya rage sai jira, kika hana su yanke ƙauna. Allah ya sanyaya idanun nan da suka ƙare a kan takardun wasu, ya sa ki ga alheri a kan naki.

Mu kuma da muka rage, kowannenmu akwai ɗan abin da ya iya wanda wani ke kuka saboda rashinsa. Idan irin wannan mutum ya tsaya a ƙofarka yau, kada ka tambaye shi ɗan wane ne. Jawo masa kujera.