Kwamfutar da Sakatariya Ta Rufa wa Asiri

Shekara ashirin da shida Sakatariya ta yi a ofishin makarantar nan, a ɗan ɗakin da ke tsakanin ƙofar Hedimasta da kabad ɗin fayil. Kowa Sakatariya yake ce mata, har 'ya'yan cikinta in suna son tsokanarta. Hedimasta biyar suka zo suka tafi a gabanta, babu wanda ya taɓa dawo mata da takarda don kuskuren harafi ɗaya. Da wannan take tinƙaho, don ba ta da mota, ba ta da fili, mijinta kuma ya daɗe a ƙasa.

Da tafireta ta fara, tare da wani dattijo da ya koya mata aiki. Ranar da aka shigo da kwamfuta, aka ce wa dattijon an gode, ya je ya huta. A gaban idonta ya naɗe sallayarsa ya fita, ko rakiya ba a yi masa ba. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sai ta shafa wa nata ruwa: ta zage ta koyi kwamfutar har ta zama kamar 'yar ɗakinta.

To, ita ma kwamfutar tsufa ya zo mata. Wata safiya Sakatariya ta kunna, sai baƙin allo da rubutun gargaɗi, agogo ya koma ɗaya ga Janairun wata shekara can baya. Ta yi ta lalube har ta gano dabara: in ta danna wani maɓalli tun kafin kwamfutar ta gama tashi, wani shuɗin allo yana fitowa, a nan za ta gyara rana da wata da shekara, ta adana. Amma da an kashe wuta, shi ke nan, an koma gidan jiya.

Ta faɗa wa wani? Ina! A lissafinta, ranar da aka ji kwamfuta ta tsufa za a kawo sabuwa, sabuwa kuma ba ta zuwa ita kaɗai, da 'yar yarinya mai saurin yatsu take zuwa. Don haka ta ja bakinta ta tsuke. Shekara uku cur tana riga kowa zuwa, ta gyara kwanan wata kafin masinja ya gama shara. Har magana take mata: "Tashi, tsohuwa, yau Talata ce, kar ki ba mu kunya."

Tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Ranar da za a buga takardun shaidar ɗalibai masu fita, ta tafi sallar azahar, aka ɗauke wuta aka dawo da ita. Mataimakin Hedimasta, sarkin karambani, ya shigo neman wani jadawali, ya kunna, ya danna abin da ya danna gargaɗin ya wuce, ya yi gaba abinsa. Ta dawo ta tarar da ita a kunne yadda ta bar ta. Ta buga takarda arba'in da biyu, kwanan wata kuma kwamfutar ce ke saka shi da kanta a ƙasan shafi. Hedimasta ya rattaba hannu yana waya, ya buga hatimi, aka raba.

Bayan sati uku mahaifin wata ɗaliba ya faɗo ofis ko sallama babu. An ƙi karɓar 'yarsa a kwalejin koyon jinya, an ce takardarta ta jabu ce, don kwanan watan da ke jiki ya girmi yarinyar da shekara biyu.

Hedimasta ya kira Sakatariya a gaban mutumin. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kwamfutar ce. Mantuwa take yi in an kashe ta."

Ya yi wata 'yar dariya. "Kwamfuta ce ke mantuwa? Tun yaushe?"

"Shekara uku ke nan."

"Shekara uku, ban taɓa ji ba, babu ko layi ɗaya a rubuce? Haba, Sakatariya. Girma ne ya zo, kuma ba abin kunya ba ne."

Wallahi da marinta ya yi da ya fi mata sauƙi. Shi da ya sa hannu sau arba'in da biyu bai duba ba, ba a ce nasa idon ya tsufa ba. Mataimaki kuwa da ke tsaye a bakin ƙofa sai ya sulale ya bar wurin. A satin aka rubuta wa hukumar makaranta cewa a sallame ta, saura shekara biyu ta yi ritaya da mutuncinta.

Ranar da ta zo kwashe kayanta ta tarar da sabuwar yarinya a kujerarta. Ita yarinyar, tun safiyar farko da ta ga gargaɗin ta shiga ta faɗa, aka kira mai gyara. Ga shi nan ya kwantar da akwatin kwamfutar a kan tebur, ya kwance noti biyu, ya hure ƙura, ya sa farce ya ɓanɓaro wani ɗan batir mai faɗin maɓallin riga. Ya danna sabo, ya saita, ya kashe, ya cire waya daga bango, ya sake kunnawa. Kwanan wata ya fito daidai. Duka-duka bai yi minti goma ba.

"Wannan ne ke riƙe mata lissafi in babu wuta," in ji shi. "Ya daɗe da mutuwa. Ita kwamfutar garau take, sai ta ƙara shekara biyar."

Hedimasta ya juya batirin a tafin hannunsa. "Ikon Allah. Ashe da gaskiyarki." Ya faɗa kamar mai cewa yau za a yi ruwa. "To, takarda dai ta riga ta tafi. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Mai gyara yana tattara kayansa ya dube ta da tausayi. "Mama, ai da kin yi magana tun farko. Me ya hana ki?"

Ta dubi yarinyar da ke zaune, sa'ar autarta, tana goge allon da gefen mayafi. Ta ɗauki jakarta ta ce, "Tsoro nake kar a kore ni, ɗana."