Abin da Aka Ciro Daga Fankar Hita

A gidanmu na Gwandu, in sanyi ya kama, ɗakin kakarmu Inna muke taruwa bayan sallar isha'i. Ta hura wuta a kasko, mu miƙa ƙafafu, ita kuma tana tsokanata: "Kai maigida marowaci, ko goro ba ka kawo min ba, sai shan ɗumi!"

Babanmu ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido. In ta kama dole, sai ta ce, "Ku gaya wa wancan." Haka muka tashi muka gani.

A lokacin Baba na da tsohuwar motar haya, Gwandu zuwa Kalgo, suna karɓa-karɓa da ƙanensa, Baffa Ladan. Da ɗari hitar motar ce kasuwarsu, domin fasinjan asuba mota mai ɗumi yake nema. Rannan sai fankar hitar ta yi kar-kar-kar, ta tsaya cik. Aka kira makanike ƙofar gida. Ya duba fiyus, lafiya lau. Ya jona waya kai tsaye daga batir, fankar ta yi gurnani amma ta ƙi juyawa. Ya ce, "Wuta na zuwa, wani abu ne ya riƙe ta." Ya kwanta ya kwanto ta daga ƙasan dashbod, sai ga laya ɗinke da jar fata, maƙale tsakanin fukafukan.

Wallahi ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Wa ke riƙe makulli in ba shi ba? Ladan. Wa ya sha cewa yana son motar kansa? Ladan. Baffa ya yi ta rantsuwa har da hawaye, Baba ya ce sammu aka yi masa don ya saki motar. Ya karɓe makulli. Inna na ɗaki tana jin komai, ba ta ce uffan ba. Kafin la'asar Baffa ya kwashi iyalinsa ya koma Kalgo. Gida ya yi tsit, kowa na kallon kowa ta wutsiyar ido.

Da muka taru ranar, Baba na zaune kan tabarma a tsakar gida. Inna ta ɗaga murya fiye da kullum, ta soma tatsuniya. "Ga ta nan ta iso ƙofarku." Muka ce ta shigo mu ji ta.

Wai wani manomi ne da ƙanensa, rumbunsu ɗaya. Tsohuwarsu ta ga awaki na yi wa rumbun ɓarna, sai ta janyo ƙaya ta zuba a gindinsa ba ta gaya wa kowa ba. Da safe babban ya taka. Ya ce ba shakka ƙanensa ne ke son gurgunta shi ya cinye hatsin, ya kore shi. Kaka ta yi, ya ɗauko dami ya tsaya a gindin rumbu, babu mai hawa ya karɓa. Gero ya kwana a ƙasa, awaki suka yi biki.

Ƙanwata ta ce, "Inna, mi ya hana tsohuwar magana?"

Ta tona wuta da kara. Can ta ce, "Ɗan fari ne, ɗiyata. Da wane baki? Ƙayar tsari ce, hannun ne bai san wuri ba."

Sai na ji Baba ya yi gyaran murya, ya kira ni. Ya ce, "Ka gaya wa mai tatsuniya na ji."

Da sassafe ya tafi Kalgo. Baffa ya karɓe shi, suka ci tuwo a kwano ɗaya, ya ce ya yafe. Amma da Baba ya miƙa masa makulli, sai ya tura masa abinsa. Bai ƙara tuƙa motar ba, kuma har Inna ta rasu, da sallah kaɗai yake zuwa Gwandu.

Na daɗe ina ɗauka Baba kaɗai aka yi wa wannan tatsuniyar, tunda zato zunubi ne. Yanzu da na yi furfura, abin ya fi yi min ciwo ta wajen Inna. Tsoron hanya ya sa ta cusa layar a mota, kunya ta hana ta miƙa wa Baba a hannu, kunyar ce kuma ta rufe mata baki. Allah Ya jiƙanta, ina ƙaunarta har gobe, amma ina jin haushin yinin nan. Tana ji ɗanta Ladan na ɗaure kayansa a bayan ɗakinta, ta jira dare ta ba mu labari.