Na'urar da ta jira almakashi

Har gobe ban manta da ranar da muka ƙaddamar da na'urar leƙa ciki ba. Lokacin ina ƙaramar nas a ɗakin tiyata na wani asibiti a Sakkwato, zamanin mulkin soja, kuɗin mai na zuba kamar ruwan kwando.

Aikin na'urar shi ne abin da mutane ke kira juya mahaifa, wato tsayar da haihuwa. Akan ɗan tsaga ƙasan cibiya, a hura iska cikin ya tashi, a zura siririn bututu mai fitila, likita ya leƙa ya maƙale hanyoyin ƙwai da ɗan zoben roba. Da yamma mace ta tafi gida.

Akwai Inno, matar wani baduku daga Ƙofar Taramniya. A haihuwarta ta tara jini ya ɓalle, da ƙyar ta sha. Likitanmu ya ce wani cikin na iya kashe ta. Mijin ya dangwala hannu, ya ce a yi yau. Da wuƙa da zare, irin na da, aikin rabin awa ne.

Sai shugaban asibiti ya ce, "A'a, a ajiye ta. Da ita za mu buɗe na'ura gaban babban baƙo."

Baƙon wani babban soja ne, shi zai sa almakashi ya yanke ƙyalle. Aka sa rana, ya yi tafiya. Aka sake sawa, aka canja masa wurin aiki. Wata biyar ina goge na'ura, Inno na zarya.

Ranar biki na duba Inno kafin a shiga da ita, sai na tarar ta riga ta ɗauki ciki. Ta ce, "Ɗiyata, mi kika gani? Ai cikin ga bai san da bikinku ba."

A madadinta, kabewa muka huda wa sojan da ya gaji wancan, ya leƙa. Ya yaba ƙwarai, aka yi tafi.

Da watanninta suka cika, fiɗa aka yi mata, jini ya sake ɓallewa. Ina miƙa wa likita kayan fiɗa ina kuka, don haushi. Allah ya yi da sauran kwananta. Kafin likita ya rufe cikin, ya ɗaure hanyoyin da zare.

Da ta farfaɗo na gaya mata. Ta dube ni, ta ce, "Ashe da zare ma ana yi?"

Tun ranar, in na ji an ce majiyyaci ya jira manya, nakan tambaya: jikin nasa an gaya masa?