Bargon da Ya Lulluɓe Kwamfuta

Tsarki ya tabbata ga Allah, wanda Ya hore wa bayinSa wuta, kuma Ya sanya ta gargaɗi.

Ga wani magidanci a ƙofar shagon mai gyaran kwamfuta, dogo, furfura ta fara keto masa, hannunsa na dama naɗe da bandeji. Yana rungume da kwamfutar gidansa, ta ƙone ƙurmus. Sai ya maka ta da ƙasa, ya shaƙe mai gyaran da hagunsa, ya haɗa shi da bango.

"Kai ka gyara ta, azzalumi! 'Yata tana asibiti, wuta ta cinye mata ƙafa!"

Mai gyaran, yana kakari, ya nuna ƙyallen da ya narke a kafofin shan iskar kwamfutar. "Baba, wa ya lulluɓe ta da bargo tana kunne?"

Hannun magidancin ya saki. Da ganinsa mutum ne mai tattalin kaya, mai tsoron kada ƙura ta ɓata masa abu. Ya ƙura wa ƙyallen ido. Ya gane bargonsa.

Ya Ubangiji, Ka ba yarinyar lafiya, Ka ji ƙan uban, Ka sanyaya wutar da ta koma ƙirjinsa.