Muryar Baba Sajo a Ajin Malama Paulina

Malama Paulina 'yar Zonkwa ce. Aikin mijinta Hezekiah, malamin asibiti, shi ya kawo ta Gagarawa Tasha a farkon shekarun casa'in. Ta zo da digirinta na koyarwa, aka ba ta aji a makarantar garin, inda kayan aikin duka alli ne da allo. Da ta ji wata jami'a tana ba malamai karatun gaba da digiri daga gida, a kan koyarwa da na'urori, sai ta shiga. Darussan ta gidan waya na Gumel suke zuwa, littattafai da kaset, Hezekiah ya goya ta a babur su je su ɗauko.

Abokan aikinta suka riƙa tsokanar ta. "Malama, na'ura a makarantar da ba wuta?" Ranar kasuwar Maigatari ta je ta sayo rikoda mai batir.

Wani darasi ya nemi a ɗauki muryar dattijo a koyar da tarihi da ita. Ta nufi gidan maƙwabcinsu Baba Sajo, tsoho tukuf, wanda yana yaro jirgin ƙasa ya fara isowa garin.

Ya duba rikodar ya ce, "'Yata, wannan ɗan akwatin ne zai riƙe magana?"

"Shi ne, Baba. Ku dai ku ba ni labari."

Ya gyara zama, ya faɗa mata yadda mutane suka ranta a na kare cikin gonaki da suka ji kukan jirgi, yadda wata tsohuwa ta kai masa ruwa a ƙwarya wai baƙo ne ya sha hanya. Ya kwaikwayi kukan, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Kaka na shigowa Allah ya yi masa rasuwa. Paulina ta kasa taɓa kaset ɗin. Sai da matarsa Inna A'i ta fita takaba, sannan ta je neman izini.

Tsohuwar ta ce, "Ki sa wa yaran. Amma ni ma zan zo."

Ran nan aji ya cika, tagogi duk kawunan manya. Paulina ta danna. "Bismillahi. Ni ne Sajo." Muryar tsohon ta cika ajin. Inna A'i ta dafe baki. "Subhanallahi! Har da tarin nasa." Paulina ta riga ta karanta yadda zaren kaset yake riƙe sauti, tana iya zana shi a allo, amma sai ta ji tsigar jikinta ta tashi. Ga mutum a kabari, ga shi yana ba jikoki dariya.

Daga ranar tsofaffi da kansu suke aiko mata. Ta je Ɗanzomo, ta je Sule Tankarkar, ta ɗauki masu haƙa rijiya da makiyaya da ungozoma, ɗalibanta suka koyi tarihin ƙasarsu daga bakin masu shi.

Shekarar casa'in da tara ta tafi Kano miƙa aikinta na ƙarshe, ta tarar malamin da ke duba ta ya yi tafiya ƙasar waje. Wani ma'aikacin jami'ar, Enoch, ya zaunar da ita gaban kwamfuta, ya buga tambayarta, ya aika. Ta fita ta ci abinci, ta dawo, ga amsa tana jiran ta.

Ta miƙe tsaye. "Ta ina ta bi?"

"Ta wayar tarho, Malama. Ana cewa wata rana duk karatun nan ta haka za a yi, malami yana garinsu."

A mota, daga Kano har Gumel tana zaune a bakin taga. Idonta na kan wayoyin da ke bin gefen titi.