Ranar da Aka Share Mini Sha-ka-tafi

Har yau ban manta da wata Laraba da na isa wani ƙauye a bayan Saulawa na tarar an share mini aikina tas ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu nake ba wa labarin, domin kuskuren nawa ne, ba na kuma son wani ya maimaita shi.

A lokacin ni ne mai ɗaukar hoto na ofishin shiyya da ke kula da Ikara, Makarfi da Kudan, a ƙarƙashin sashen ayyuka. Ana tsakiyar damina aka kafa kwamiti ya duba gine-ginen hukuma da aka yi watsi da su, ya zaɓi waɗanda za a fara gyarawa. 'Yan kwamiti ba sa shiga ƙauye da damina, hanya ba ta barin motarsu. Fayil ne yake zuwa gabansu, abin da ke cikin fayil kuwa hotona ne. Ƙa'idar kowane gini hoto shida ne: gabas, yamma, kudu, arewa, rufi, sai ciki. A kowane hoto akan jingina ɗan allo mai lambar ginin don kada a rikita.

Ba zan ɓoye muku ba, aikin ya yi mini daɗi. Na gaji da ɗaukar hoton masu manyan riguna a wurin taro. Kango ba ya ce maka a sake, hularsa ta karkace. Kusa da Kudan na ɗauki wata tsohuwar rumfar awon auduga da cediya ta tsiro a kan katangarta, saiwoyin sun sauko sun riƙe bulo kamar yatsu. Garafuni ya lulluɓe tagogi, jemagu sun cika ciki. Sai da na jira rana ta karkata kafin na ɗauka, hoton ya yi kyau har na sa shi a fuskar wayata. Rumfar kuwa babu mai bukatarta, an daina awon auduga a wurin tun ina firamare.

Gini na ƙarshe a jerina shi ne sha-ka-tafi na wancan ƙauyen, ƙaramin asibiti mai ɗaki uku. Tun da iska ta yaye rabin kwanon rufin, malamin asibiti ya daina zuwa, mace in naƙuda ta yi tsanani sai a ɗora ta a babur zuwa Ikara. A tsari, kafin ma'aikaci ya shiga ƙauye yakan rubuta wa dagaci takarda. Na rubuta, na ƙara da iyawata cewa za a ɗauki hoton asibitin ne domin a kai wa manya. Ni ɗan ƙauye ne, ya kamata in san abin da wannan magana za ta jawo.

Da na isa ban gane wurin ba. An yi aikin gayya kwana biyu. An nome tafasa, an sassare gamba, an cire yaɗiya daga bango. An shafe ginin da farar ƙasa, inda kwano ya yaye an daddaɓa zana an danne da itace. Har tabarma aka shimfiɗa mini a gindin bishiya. Dagaci ya tare ni da jama'arsa, muka daɗe muna gaisuwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina ciyawar?"

Ya ce, "Haba Malam Sani, hoton da za a kai wa manya? Ai ba ma bari a gan mu cikin ƙazanta." Da ya ga fuskata ta canza sai ya yi ƙasa da murya ya ce, "Tana nan jibge a baya. In ana so sai a mayar."

Na ce a'a, wannan ya zama ƙarya. A nan na yi daidai, amma daga nan na kauce. Mutane sun kewaye ni suna murmushi, suna jiran in yaba. Na ji kunyar in shiga ina leƙa ɗakuna ina tona musu asiri. Na jingina allona, na ɗauki gefe huɗu da rufi, hoton ciki kuwa daga bakin ƙofa na ɗauke shi. Na sha fura na hau babur na tafi.

Bayan mako biyu jerin kwamiti ya fito. Rumfar auduga tana can sama. A gefen sha-ka-tafi an rubuta cewa yana cikin yanayi mai kyau, zai iya jira. Raina ya ɓaci, kuma babu wanda zan ɗora wa sai kaina. Na shiga ofishin shugaban sashe, Alhaji Lawal, na faɗa masa yadda aka yi.

Ya cire tabarau ya ce, "Kai muka aika ka zama idonmu, ka je ka zama baƙo." Sannan ya ce, "An riga an sa hannu a wannan jerin. Kwamiti zai sake zama bayan mako biyar. Ka koma, kada ka kawo mini farar ƙasa."

Wannan karon ban rubuta takarda ba. Na aika da baki cewa don Allah kada a taɓa komai. Da na koma, damina ta yi aikinta. Tafasa ta kai gwiwa, ruwa ya wanke farar ƙasar, zanar ta ruɓe ta zubo. Babu tabarma, babu taro. Wata tsohuwa ce kaɗai zaune a kan dakali, Iya Hansai, ungozomar garin. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Kai ne mai hoton? To ga ciyawarka nan, mun tara maka. Ashe sai mun zama ƙazamai hukuma za ta gan mu."

Na fara gyara allona a jikin bango, ta ce, "Bar wannan, ɗan nan. Ciyawa ba ta hana kowa haihuwa. Biyo ni."

Ta kai ni ɗakin ƙarshe, inda ake karɓar haihuwa, wanda ban shiga ba a zuwan farko. Saiwar durumi ta ratso ta ƙarƙashin daɓe ta tsaga bango daga ƙasa har sama. Gara ta cinye katakon rufi, yana lilo a kan gadon ƙarfe. Ta zura hannunta cikin tsagar har wuyan hannu ya shige, ta ce, "Wannan za ka ɗauka." Ina saita kyamara ta ƙara da cewa, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Jikata ta haihu a bakin rafi a hanyar Ikara, makon jiya. Da zanina na kare ta. Allah ya raya su, ita da ɗan."

Na ɗauki hoton hannun nan. Ba shi da kyau, ɗakin duhu ne, allon ma ya karkace. Shi na sa a saman fayil, na bi shi da hotunan ranar gayya, na rubuta a ƙasa cewa mutanen garin ne suka share da hannunsu. A zama na biyu aka sa asibitin cikin jeri, aka gyara shi bayan kaka.

Abin da na koya ke nan. Mutanenmu ba sa nuna wa baƙo ciwonsu, share masa ƙofar gida suke yi. In ka tsaya inda aka shimfiɗa maka tabarma, ladabinsu za ka ɗauka ka kai ofis a hukunta su da shi. Ka shiga har ɗakin ƙarshe, ka kuma nemi wanda yake jiran ginin ya nuna maka. Hoton cediyar nan kuwa, a kan dakalin Iya Hansai na cire shi daga fuskar wayata, tun kafin in tada babur.