Baba Barnaba, Mai Tsaron Jingar Garin Fannami

Shekara da shekaru, idan damina ta kankama a Garin Fannami, kafin mata su hura wutar koko, za ka hango wani dattijo a kan jinga, wando naɗe har gwiwa, sanda a hannu, kwandon laka a kafaɗa. Baba Barnaba ke nan. Jinga ita ce doguwar ganuwar ƙasa da ta raba gidajenmu da kogin Haɗeja. Yana bin ta a hankali daga mashaya har gonakin shinkafa, yana caka sanda duk inda bai yarda da shi ba. In ya ga ramin gafiya ko na ƙaguwa, sai ya durƙusa ya cusa laka, ya daddanne da dunduniya. Irin waɗannan ƙananan ramuka ne ruwa yake bi ya fasa jinga idan kogi ya cika.

Babu wanda ya ɗauke shi wannan aiki. Yana saurayi ya zo mana daga kudancin Kano, cikin leburorin da suka ɗaga jingar. Da aka gama kowa ya kama gabansa, shi kuwa ya auro Mama Rahila, ya kafa gida a kwari, daidai gindin jingar, inda ko akuya mai hankali ba za ta yarda ta kwana ba. Su kaɗai ne Kiristoci a garin. Ranar Lahadi yakan goya ta a keke su tafi coci a Haɗeja, amma sai ya gama zagayensa tukuna. Mama Rahila ta ce ta gaji da goge masa laka a ƙeya a bakin ƙofar coci.

Ni da nake wannan rubutu, mutum ne mai kwaɗo biyu a ƙofa, kuma sai na dawo na jijjiga su kafin hankalina ya kwanta. Shi ya sa nake son tsokanarsa. Wata rana na ce, "Baba, kullum kana cewa ka dogara ga Allah. To, me ya haɗa ka da ramin gafiya? Ka bar masa mana!"

Ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Ya ce, "Malam, ai Shi ya ba ni aikin. Ni in toshe, Shi ya tsare. In na koma gida barcina nake sha, ba na ɗaukar kogi a ka."

Na ɗauka magana ce ta fatar baki, sai da shekarar babbar ambaliya ta zo. Bayan ruwa ya janye, hukuma ta ba da filaye a kan tudu don waɗanda suka fi zama cikin haɗari. Bulama, mai garinmu, ya fara da Baba Barnaba, kuma babu wanda ya yi ƙorafi, don gidansa ne mafi kusa da ruwa. Amma filayen suka ƙare kafin a zo kan maƙwabciyarsa Hajja Kulu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki marayu da ɗaki mai tsagaggen bango.

Mama Rahila ce ta ba ni labarin abin da ya faru a tsakar gidansu. Ta riga ta je ta ga filin, har ta zaɓi inda za ta dasa zogale. Da Baba ya gaya mata yana so su bar wa Hajja Kulu filin, sai ta ajiye muciya ta ce, "Malam, tsufa fa ya zo. Ƙafafuna sun gaji da gudun ruwa."

Ya ce, "Na sani, Rahila. In kin ce a'a, magana ta mutu. Amma mu biyu ne, ita kuwa yara ne fal a ɗaki. Yesu ya hana mu cinye kanmu da damuwar gobe. Wanda ya riƙe mu a kwari tun muna da baƙin gashi, tudu ne zai fi Shi iya riƙo?"

Ta ce ta yi kuka, kuma ta yi fushi sosai, ba ta ɓoye ba. Amma da gari ya waye ita ta fara ɗaukar mayafi, suka tafi zauren Bulama tare. Tasi'u mai bandar kifi yana wurin. Ya ce da Bulama ya ji abin da ya kawo su, sai ya tambaya, "Barnaba, ka san ba za a sake rabon ba?" Ya amsa, "Ranka ya daɗe, na sani. A ba Hajja."

Baba Barnaba, kai ne ka ba da abin da kowa a garin nan yake mafarkinsa, kuma ba ka taɓa yi wa Hajja Kulu gori ko da wasa ba. Ni kam na ji tsoro dominka. Duk lokacin da hadari ya haɗu ta gabas, gidanka nake fara tunawa.

Abin da nake tsoro bai daɗe ba ya zo. Da wata damina mai ƙarfi, kogi ya cika har yana lasar bakin jinga. Da safe Baba yana zagaye sai ya ga ruwa mai laka yana ɓulɓulowa daga gindinta, a bayan gidansa. Ya sheƙa masallaci, ladan ya yi shela a lasifika, gari ya fito da buhuna da shebur. Sai aka yi cirko-cirko. Ko'ina ya jiƙe ya zama taɓo, babu busasshiyar ƙasar da za a cika buhu da ita, tudu kuma ya yi nisa, ga ramin da ruwan yake bi yana ƙara faɗi.

Baba ya nuna katangarsa da ɗakinsa na ƙasa ya ce, "Ga ta nan a bushe. Ku rusa."

Babu wanda ya motsa. Bulama ya ce, "Haba Barnaba, ina za ku kwana?"

Ya ce, "Allah ya san inda za mu kwana. Ruwan nan ba zai jira mu gama shawara ba." Ya karɓi diga daga hannun Tasi'u, ya kai wa bangon sara na farko. Mama Rahila tana fitar da kwanukanta tana share hawaye, tana kuma ce wa samari su yi sauri. Kafin azahar jinga ta tsaya. Ko gida ɗaya ruwa bai ci ba a Garin Fannami, sai wanda mai shi ya rushe da hannunsa.

Tun daga ranar suke zaune a zauren Hajja Kulu a kan tudu. Ita da kanta ta zo ta ɗauki tabarmarsu, ta ce duk wanda ya yi mata musu sai ta haɗa shi da Bulama. Bana gwiwoyin Baba sun ƙi hawan jinga, dole ya ajiye aikin, Tasi'u ya karɓa. Na je gaishe shi, na tambaye shi ko ya yi da-na-sani. Ya ce, "Na me? Ka taɓa jin na kwana a waje?" Mama Rahila ta leƙo daga ciki ta ce, "Ka dai tambaye ni!" Muka kwashe da dariya, har da ita.

Baba Barnaba, mun gode. Kai ne ganuwar da ba a biya ba, kai ne maƙwabcin da ya cika maƙwabci. Addininmu ba ɗaya ba ne, amma ka sa na ji kunyar yawan fargabata. Mama Rahila, ke ma mun gode, don rabin kyautar nan taki ce, kuma taki ta fi ciwo. Allah ya ƙara muku lafiya.

Ku kuma masu karatu, kowane gari yana da tasa jingar, ku nemi ramin da ke kusa da ku ku toshe, ko ba a sa ku ba. Mutanen Garin Fannami kuwa, Hajja Kulu ta raba filinta biyu ta ba su Baba rabi, ranar Asabar za a fara kwaɓa ƙasa. Ɗakin Baba yana cikin buhuna yana tare mana kogi. Kowa ya fito da shebur ɗinsa mu mayar masa.